Darasi Don Ƙungiyoyin Manoma: Yadda Za Mu Auna Aikin Maido Da Itatuwa

'Yan'uwa manoma, kusan kowace damina akan yi bikin dashen itatuwa a garuruwanmu. Mota ta kawo dashe cikin leda, manya su zo, a haƙa rami, a dasa, a zuba ruwa. Sa'an nan a rubuta a takarda cewa an dasa itace dubu kaza. Amma ba safai akan koma wurin a watan Afrilu a ga ko nawa suka rage ba.

Ƙungiyoyinmu da yawa yanzu suna da irin wannan aiki a hannu. Wani na gwamnati ne, wani na masu ba da taimako, wani kuwa mu ne muka fara shi da kuɗin asusunmu. An ce da mu itatuwan za su kāre mu daga fari, da iska mai binne shuka, da ruwan da ke cinye gona. Mu kuwa mun ba da fili, mun ba da kwanakin gayya, mata da yara sun ɗebo ruwa a ka. Saboda haka wajibi ne mu san ko aikin yana yin abin da aka ce zai yi. A wannan darasi za mu koyi yadda ƙungiya za ta auna aikinta da kanta, da igiya da littafi da fensir, ba tare da jiran baƙo ba.

ABIN DA YA FARU A MARAƊI

Bayan babban farin 1972 zuwa 1974, wanda ya kashe dabbobi masu yawa a ƙasar Hausa da maƙwabtanta, gwamnatoci da ƙungiyoyi suka tashi haiƙan wajen dashen itatuwa. Aka buɗe wuraren renon dashe, aka kashe kuɗi mai yawa. A yankin Maraɗi, cikin Jamhuriyar Nijar, wani malamin gona ɗan ƙasar Ostireliya mai suna Tony Rinaudo, wanda yake aiki da mishan ta SIM, ya yi shekaru yana raba dashe a ƙauyuka. Mafi yawan abin da aka dasa ya mutu. Rana ta ƙona wasu, gara ta ci wasu, awaki suka ƙarasa sauran.

A shekarar 1983 ya lura da wani abu da yake gaban kowa. Ƙananan tsire-tsiren nan da manoma ke sarewa kowace shekara lokacin sassabe, yawancinsu ba ciyawa ba ne. Tohon kututturan itatuwa ne da aka sare tun da daɗewa, saiwarsu kuwa tana nan da rai, ta yi zurfi cikin ƙasa. Idan manomi ya zaɓi rassa mafi ƙarfi a kan kututturen, daga ɗaya zuwa biyar, ya sare sauran, ya riƙa yi musu aski, za su tashi da sauri fiye da dashe, gama ba su bukatar ban ruwa. Aka fara gwadawa da manoman da ba su wuce goma sha biyu ba. Wannan dabara ita ce mutanen wurin suka sa wa suna sassaben zamani.

Da yunwar 1984 ta zo, aka haɗa dabarar da rabon abinci a ƙauyuka kusan 100. Wanda yake son hatsi sai ya bar itatuwa a gonarsa. Ta haka aka tsare itatuwa wajen 500,000. Da an auna aikin a wannan shekara, da an ce ya ci nasara ƙwarai. Amma sa'ad da rabon abinci ya ƙare, mutane suka sare kusan kashi biyu cikin uku na itatuwan. Da kuma a wannan lokaci aka auna, da an ce aikin ya mutu.

Duka biyun da an yi kuskure. Waɗanda suka bar nasu itatuwan suka ga sun sami itacen girki da abincin dabbobi, iska kuma ta rage binne musu gero. Maƙwabta suka gani suka kwaikwaya, ba tare da an biya su ba. Bayan shekara ashirin da 'yan kai, masu bincike suka gwada hotunan da aka ɗauka daga sama a da da na baya, suka kuma zaga ƙasa. Suka ƙiyasta cewa itatuwa wajen miliyan 200 sun dawo a gonaki masu faɗin hekta miliyan 5, yawanci a jihohin Maraɗi da Damagaram. A shekarar 2018 aka ba Rinaudo wata babbar lambar yabo a ƙasar Suwidin saboda wannan aiki.

Abin da za mu riƙe daga wannan labari shi ne, yawan abin da aka dasa ba ya nuna ko aiki ya yi kyau, awon shekara ɗaya kuma ba ya isa. Ko manyan ayyuka ma haka suke. Tarayyar Afirka ta amince da shirin ganuwar itatuwa daga Senegal zuwa Jibuti a 2007, da niyyar farfaɗo da hekta miliyan 100 kafin 2030. Rahoton da Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya nuna cewa cikin yankin ganuwar kanta, wajen hekta miliyan 4 aka yi zuwa lokacin. Idan babban shiri irin wannan yana bukatar a auna shi, balle namu.

Ga tambayoyi biyar da kowace ƙungiya za ta yi wa aikinta.

TAMBAYA TA 1: NAWA NE SUKE DA RAI?

Kada a yi ƙidaya da damina. A lokacin kowane abu kore ne, har wanda zai mutu nan da wata uku. A yi ta a ƙarshen rani, cikin Afrilu ko farkon Mayu, kafin ruwan fari. Itacen da ya ga wannan lokaci da ransa, ya tsallake ƙishi da baƙin akuya da wutar daji.

Idan dashe ne, lissafin mai sauƙi ne. A ce ƙungiya ta dasa 500, da bazara aka iske 140 da rai. A ninka 140 sau 100, a raba da 500, za a sami 28. Watau 28 cikin 100 ne suka rayu. A sake ƙidaya a shekara ta biyu da ta uku. Sai bayan rani uku za mu iya cewa itace ya kama.

Idan kuwa fili ne babba, ko gonaki masu toho, ba sai an ƙidaya duka ba. A sami igiya biyu, ɗaya mai mita 50, ɗaya mai mita 20. A shata fili mai tsawon mita 50 da faɗin mita 20, a kafa dutse a kusurwoyinsa huɗu domin a dawo daidai wurin baɗi. Wannan fili kashi ɗaya ne cikin goma na hekta, hekta ɗaya kuwa kusan eka biyu da rabi ce. Abin da aka ƙidaya a ciki a ninka shi sau 10, an sami na hekta ke nan. Idan an iske itace 4, to akwai wajen 40 a hekta.

A shata irin wannan fili aƙalla biyar, a wurare dabam dabam: tudu, gangare, kusa da gari, da nesa inda ido ba ya kaiwa. Kada a zaɓi wurin da ya fi kyau kaɗai, irin wanda akan kai baƙi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ga kowane itacen da ya mutu kuma, a rubuta abin da ya kashe shi, ko ƙishi, ko dabba, ko gara, ko wuta, ko gatari. Kowane ɗaya da maganinsa dabam. Ƙungiyar da awaki suka cinye mata dashe, shinge take bukata, ƙarin dashe ba zai amfane ta ba.

TAMBAYA TA 2: WAƊANNE IRI NE, SUNA KUWA GIRMA?

Fili mai iri ɗaya tak yana cikin haɗari, gama cuta ɗaya ko tsutsa ɗaya za ta iya gamawa da shi. Kowane itace kuma da aikinsa. Gawo yakan zubar da ganyensa da damina, saboda haka ba ya yi wa gero inuwa, yana ƙara wa ƙasa ƙarfi, 'ya'yansa kuma abinci ne ga dabbobi da rani. Kalgo da sabara suna tare ƙura da ganye a gindinsu, suna ba da itacen girki, suna sake tohowa in an sare su. Kuka tana ba da miya. Aduwa, magarya, kurna, kanya da goriba suna ba da 'ya'ya a lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Ɗorawa da kaɗanya kuɗi ne a hannun mata. Darbejiya tana da inuwa, tana jure fari, ta dace da shingen iska da bakin hanya. Itacen turare yana ba da dogayen sanduna da sauri, amma yana shan ruwa da yawa, bai kamata a dasa shi kusa da rijiya ko cikin fadamar lambu ba.

A rubuta sunan kowane iri da yawansa. A tambayi tsofaffi waɗanne itatuwa ne suka sani a wurin a da waɗanda yanzu babu, a duba ko wani ya dawo.

Don sanin girma, a zaɓi itace goma a kowane fili, a shafa musu fenti. Kowace shekara a zagaya gangar jikinsu da zare daidai tsayin ƙirjin mutum, a auna zaren da abin awon tela. A duba kuma ko akwai ƙanana masu tsirowa da kansu. Wurin da yake da manya kaɗai, babu yara, yana kan hanyar ƙarewa ko da ya yi kyan gani yau.

TAMBAYA TA 3: ME SUKA YI WA ISKA DA RUWA DA ƘASA?

Wannan ita ce tambayar da aka fi tsallakewa, alhali dominta aka yi aikin. Akwai doka ɗaya a nan: kullum a gwada gonar da take da itatuwa da wata maƙwabciyarta marar itatuwa, mai irin ƙasarta, a shekara ɗaya. In ba haka ba za mu yaba wa itace kan abin da damina mai kyau ta yi, ko mu zarge shi kan laifin fari.

(a) Iska. A farkon damina iska takan kwashe rairayi ta binne tsiron gero ko ta yanke shi. A tambayi kowane manomi sau nawa ya yi shuka kafin ta kama. Wanda ya shuka sau ɗaya ya riga wanda ya shuka sau uku da iri da kwanaki, a shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri kuwa kwanakin nan su ne bambancin girbi da asara. A kwarin Majiya, cikin jihar Tawa a Nijar, ƙungiyar CARE ta fara dasa shingen darbejiya a 1975, jeri biyu biyu, da tazarar mita 100 tsakanin shinge da shinge, aka kuma iske hatsi ya ƙaru a gonakin da ke bayansu. Shinge mai kyau yana kāre fili har ninki goma na tsayinsa. A duba ko namu yana da giɓi, gama iska takan bi ta giɓi da ƙarfin da ya fi na da.

(b) Shan ruwa. A sami babban gwangwani a cire kansa da gindinsa. A dasa shi cikin ƙasa zurfin yatsa biyu, a zuba ruwa kofi ɗaya, a duba agogo har ruwan ya shige. A yi haka ƙarƙashin itace da kuma a feƙo, sau uku uku. Ƙasar da ta shanye da sauri ita ce za ta riƙe ruwan sama maimakon ta bar shi ya gudu.

(c) Zaizaya. Inda akwai kwazazzabo mai cin gona, a kafa turke taku 10 daga kansa kafin damina. Da kaka a sake aunawa. Idan taku 7 ya rage, ya ci taku 3 a shekarar. A gonar tudu kuma a kafa turke a yi masa alama daidai fuskar ƙasa, a ga ko ƙasa tana taruwa ko tana tafiya.

(d) Rijiya. Kowane Afrilu a auna da igiyar guga gaba nawa ne zuwa ruwa. Wannan ba ya sākewa da sauri, sai an tara awon shekaru.

(e) Ruwan sama. A ajiye gwangwani mai miƙaƙƙen jiki a fili a harabar makaranta ko majami'a. Bayan kowane ruwa a auna da rula a rubuta. In ba mu san ruwan shekara ba, sauran awon ba zai gaya mana gaskiya ba.

TAMBAYA TA 4: ME SUKA KAWO GIDA A SHEKARAR WAHALA?

A shekarar 2004 fari da fara suka lalata amfanin gona a Nijar, 2005 ta zama shekarar yunwa. Masu binciken da suka zaga ƙauyuka daga baya sun iske gidajen da suke da itatuwa a gona sun fi jurewa. Sun sayar da itace da sanduna sun sayi hatsi, sun ciyar da dabbobi da ganye da 'ya'yan itace, su ma sun ci. Wannan shi ne babban awo. Itace ajiya ce da ba ta dogara ga damina ɗaya ba.

Saboda haka a zaɓi gidaje goma, har da na gwauraye da na marasa ƙarfi, a riƙa tambayarsu kowace shekara:

Dami nawa aka samu a gonar, nawa kuma maƙwabci marar itatuwa ya samu?
Tafiyar awa nawa mace take yi neman itacen girki, sau nawa a mako?
Me aka sayar daga itatuwa, nawa aka samu, hannun wa kuɗin ya shiga?
Da me aka ciyar da dabbobi a watan Afrilu da Mayu?
An sayar da akuya ko garma ko gona don a sayi abinci?
Mutum nawa suka tafi cin rani don dole?

A tambayi mata su kaɗai, a bakin wata mace. Su ne suka san nisan daji da kuɗin kuka, a gaban maza kuwa sau da yawa sukan yi shiru.

TAMBAYA TA 5: NA WA NE, WA KUMA KE TSARONSU?

A da, a Nijar, dokar daji ta sa itatuwa da yawa a hannun gwamnati. Manomi zai iya shan tara don ya sare reshe a gonarsa. Wanda ya san itace ba nasa ba ne, yakan kawar da shi tun yana ƙarami don kada ya jawo masa magana. Sassaben zamani ya yaɗu ne sa'ad da ma'aikatan daji suka sassauta, manoma suka tabbata amfanin nasu ne. An sāke dokar daji a 2004, a 2020 kuma gwamnati ta fitar da ƙa'ida musamman mai tabbatar wa manomi hakkinsa kan itacen da ya rena. A ƙauyen Ɗan Saga, cikin yankin Agiye, mutane suka kafa kwamitin tsaro wanda ya haɗa maza da mata da makiyaya, suka tsai da dokokin sara da tara ga ɓarawon itace.

To, mu tambayi kanmu. Filin da muka dasa, na wa ne, akwai shaidar mai gari a rubuce? Wanda yake noma gonar aro, yana da rabo a itacen da ya rena? Wa yake da izinin sara, yaushe, nawa? An zauna da makiyaya kafin a yi shinge, ko an tare musu burtali da mashaya? Aikin da ya toshe hanyar shanu ya sayi rigima, rigima kuwa takan ƙare da wuta a daji. Tambaya ta ƙarshe ita ce wadda Maraɗi ta koya mana: in aka daina ba da abinci ko kuɗin gadi gobe, mutum nawa za su ci gaba? Alama mafi kyau ita ce a ga wanda ba ɗan ƙungiya ba, ba a ba shi kome ba, ya fara barin toho a gonarsa.

ABIN DA ITACE BA ZAI IYA BA

Kada mu yi wa mutane alkawarin da ya wuce gaskiya. Itatuwa suna rage gudun ruwa a gangare, suna riƙe bakin rafi. Amma ba za su tare babbar ambaliya ba, irin wadda ta bi kogin Binuwai da Kwara a 2012 da 2022, ko wadda ta shiga Maiduguri a watan Satumba 2024 da madatsar Alau ta ɓalle. Wanda ya yi gini a hanyar ruwa, dashe ba zai cece shi ba. Itatuwa a gonar ƙauye ɗaya kuma ba za su jawo hadari ba. Abin da suke yi shi ne su sa ɗan ruwan da ya sauka ya fi amfani. In sun yi yawa ba a yi musu aski, inuwarsu za ta rage hatsi. Wannan ma a rubuta shi in an gani. Awo na gaskiya yana ɗauke da riba da hasara duka.

YADDA ZA A SHIRYA

A zaɓi mutum biyar: dattijo wanda ya san itatuwa, mata biyu, saurayi mai iya lissafi, da wakilin makiyaya in suna kusa. Kada mai gadin filin ko wanda ya karɓi kuɗin aikin ya zama shi ne mai ƙidaya. A sayi littafi guda mai kauri don wannan aiki kaɗai, ya zauna wurin magatakarda. In akwai wayar hannu mai hoto, a tsaya kan dutse ɗaya, a fuskanci gefe ɗaya, a ɗauka kowane Afrilu. Gani ya kori ji.

Afrilu: ƙidayar itatuwa, awon girma, rijiya, kafa turaku.
Yuni da Yuli: yawan shuka, gwajin gwangwani.
Nuwamba: dammunan hatsi, awon kwazazzabo.
Disamba: a karanta wa dukan ƙungiya abin da aka samu, a yanke shawarar abin da za a gyara.

Ƙungiyar da za ta fara sabon aiki, ta yi awon farko tun kafin a sa dashe ɗaya a ƙasa, domin a sami abin gwadawa nan gaba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

TAMBAYOYI DON TATTAUNAWA

1. Itace nawa ƙungiyarmu ta dasa cikin shekara uku da suka wuce? Wa ya san nawa suke da rai?
2. Me ya fi kashe dashe a wurinmu?
3. Don me mutanen Maraɗi suka sare itatuwa da rabon abinci ya ƙare, don me kuma wasu suka bar nasu?
4. Waɗanne kututtura ne suke toho a gonakinmu waɗanda muke sarewa kowace shekara?
5. Wa zai yi hasara saboda aikinmu, mun kuwa ji ta bakinsa?

AIKIN WANNAN WATA

Kafin taro mai zuwa, a zaɓi mutum biyar ɗin, a sayi igiya da littafi, a shata fili biyar. Kowane ɗan ƙungiya kuma ya zaga gonarsa ya ƙidaya kututtura masu toho, ya kawo sunayensu da yawansu. Ƙungiyar da ta gama ƙidayarta ta aiko mana da sakamakon ta hannun malamin gona na yankinta, ko mai daɗi ne ko marar daɗi, domin sauran ƙungiyoyi su ƙaru da shi.